Kaburbura Sha Ɗaya a Bayan Epe

Kakana Jatau ya gangaro Ikko da shanu,
shanun suka ƙare a mahauta, shi bai koma ba.
Ya sami aiki a wani ƙauye bayan Epe,
inda ruwa ke lasar gindin kwakwa:
gadin mutanen da ba sa motsi.

Sha ɗaya ne, in ji shi, har da jaririya.
Yahudawa ne, fatake da wani mai cire haƙori,
sun zo sayen manja da kwara,
zazzaɓi ya riga su gama ciniki.
Baale na lokacin ya yanka musu fili
tsakanin gonar rogo da turbar masunta,
ya karɓi turmin atamfa da agogon aljihu,
ya ce ƙasa ba ta tambayar baƙo alƙiblarsa.

Ranar da kakana ya fara duban rubutun dutsen
sai ya tuntsire da dariya:
"Ashe su ma daga dama suke farawa!"
Ko harafi ɗaya bai iya ba,
amma ya bi layin da yatsa kamar mai bitar allo,
ya raɗa wa kowa suna.
Wannan Dogo. Wancan Mai Tsagaggen Tauraro.
Ƙaramar kuwa Auta.
Ɗaya tak ke da boko a ƙasa:
Rahel Abitbol, shekara ashirin da shida.

Duk ƙarshen wata ambulan na zuwa daga wani kanti a tsibiri.
Wata shekara ya daina zuwa.
Tsintsiya ba ta daina ba.
Kakata ta yi mita har ta gaji,
shi dai ya ce amana ba ta san ranar albashi ba.

Ina yaro wata tsohuwa ta sauka daga kwalekwale,
takalminta a hannu, laka har idon sawu.
Ba ta zo da fure ba.
Ta tsinci tsakuwa ta ɗora kan Rahel,
ta yi magana ƙasa-ƙasa, ta tafi.
Kakana ya dafe kai:
shekara nawa yana share irin waɗannan duwatsu,
yana zagin yaran masunta.

Jiya na je.
Ƙyauren ƙarfen 'yan jari-bola sun auna shi a sikeli.
Katangar gabas ta durƙusa,
ƙadangaru na limanci a kanta.
Mama Ayinke na shanya garin rogo a bayan Dogo,
ta ce babu dutsen da ya kai shi riƙe rana,
kuma bai taɓa yi mata ƙorafi ba.
Na ƙirga: tara.
Na sake ƙirgawa da yatsa: tara.
Damina ta haɗiye biyu, ciki har da Auta,
sai wani ɗan lotsawa inda ciyawa ta fi kore.

Safiyo ya riga ya zo.
Turakunsa masu jan kai sun ratsa ta ƙafafun Rahel,
ga allo a bakin hanya da hoton gidaje farare
da yara suna iyo cikin ruwa mai shuɗin bula.
Tifa na wucewa da yashi,
ƙasa na rawa, duwatsun na amsawa.

Ni direba ne, ba ni da takardar fili,
ba ni da lambar kowa a ƙetaren teku.
Ban san addu'arsu ba,
tawa kuma ban san ko za su so ta ba.
Na aro adda wurin Mama Ayinke,
na sare ƙaya har hannuna ya yi kanta,
na kira su ɗaya bayan ɗaya
da sunayen da ba nasu ba.

Sai na tsinci tsakuwa sha ɗaya.
Tara na ɗora.
Biyu suna aljihuna har yanzu,
suna ƙara da makullin mota.